Mijin Marlene na Biyu

"Ta hammata za ka ɗaga shi, Ɗantala," in ji Anti Confidence. "Mutum ne, ba kwalin siton da kake aiki a Wendover ba."

Muka ɗora Mista Dewey kan kujerar baranda. Wallahi kwalin ya fi shi nauyi. Maƙwabcinmu ne a unguwar Glenwood, tsohon Bature mai gyaran famfo, shingen waya ne kawai tsakaninmu. Ciwon daji ya cinye shi, asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa a gida, suka turo Anti Confidence, nas 'yar Jos, tana duba shi.

Kujerun ƙarfe biyu ne a barandar, koraye. Ɗaya tasa, ɗaya ta matarsa Marlene da ta rasu bara waccan. Ba mai zama a kan tata, ko mage korarta yake yi.

Mista Dewey ɗan cocin Mormon ne. Wata rana muna yankan ciyawa ya ce min a wajensu, mutumin kirki in ya mutu ƙaruwa yake ta yi har ya zama irin Ubangiji, da iyalinsa da nasa halittun. Da na kai wa Mama labarin ta yi a'uzu, ta ce kar in sake maimaita wannan a gidanta. Amma ba ta fasa aika masa kunun gyaɗa ba. Ni kuwa na samu abin tsokana.

"Yallaɓai, tafiya ta matso fa," na ce masa da Turanci ina gyara masa bargo. "In an ba ka duniyarka kar ka manta alkawarinmu. Gwamna nake so. Kuma a soke aikin asuba."

Kullum sai ya yi dariya har ya ƙware. Ranar bai yi ba.

"Ba za a ba ni ba, ɗana."

"Haba. Kai da ko shayi ba ka sha saboda addini?"

"Ba a hawa can a gwauro. Sai da matar da aka ɗaura muku aure na har abada a haikalinmu."

"To ai ga Marlene can tana jira."

"Tana jira. Ba ni ba."

Anti Confidence ta harare ni ta shige ciki. Shi kuwa ya ci gaba, yana magana yana hutawa. Ashe Marlene ta yi wani miji kafin shi, Ray, wanda ya mutu a haɗarin mota suna yara. Da Ray aka ɗaura na har abadan. Mace kuwa tana raye ba a ɗaura mata irinsa da wani.

"Namu iyakarsa mutuwa. Ta mutu, ya ƙare." Ya kalli kujerar. "Shekara arba'in da wani abu. Ni nake ba ta abinci a baki har ta daina gane ni."

Na lalubi abin dariya a kaina, babu.

Ya ce hanya ɗaya ta rage. In dukansu sun mutu, dangi na iya tsayawa a madadinsu a ɗaura, sai Marlene ta zaɓa a can. Dangin da ya rage kuwa Darlene ce kaɗai, 'yar da Marlene ta haifa wa Ray. Ba ta taɓa kiransa baba ba, wayarsa ma ba ta ɗauka.

"Kai bakinka na da zaƙi. Je ka roƙar min ita."

A kicin na samu Mama tana yanka albasa.

"Mama, in na kai saƙon nan ban yi shirka ba?"

Ta ɗago. "Ya ce ka yarda ne, ko ya ce ka kai?"

"In kai."

"To ɗauki makulli. Mutumin da ya kwana biyu ƙarƙashin gidan nan yana gyara mana famfo cikin sanyi."

Gidan Darlene na Pleasant Garden, fili fetal, kare na haushi. A bakin ƙofa ta tsayar da ni. Na zuba mata duk zaƙin da nake da shi. Ta bari na gama tsaf.

"Mahaifina shekara uku ya samu da uwata," ta ce. "Ban ma san muryarsa ba. Abin da aka bar min kawai shi ne a can za mu haɗu mu uku. Shi ma Dewey yake so?"

Ni da nake sayar wa mutum iska, haka na juyo hannu rabbana.

Da na dawo yana baranda, rana na dukan ƙafafunsa.

"Me ta ce?"

Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba. Ya rufe ido.

"Gaskiyarta," ya ce. Can kuma: "Gwamna, sai dai ka nemi aiki wani wajen."

Shi ya yi tsokanar, ni na kasa dariya.

Ranar Laraba da hantsi ya cika, ina wajen aiki. Anti Confidence ce ta kira ni. Kafin in iso mutanen cocinsu sun zo da fararen kaya a jaka za su shirya shi. Mama na tsaye a bakin shinge da kwanon kunun da ba ta kai ga miƙawa ba.

Bayan an binne shi Darlene ta zo da a-kori-kura kwashe kayan uwarta. Ina taya ta, ba wanda ya tayar da maganar. Ƙarshe ta ɗauki kujerar Marlene ta ɗora a baya, ta shiga ta tayar da mota. Injin na ta aiki, motar ba ta motsa ba.

Ta sauke gilashi.

"Kai. Miƙo ɗayar."

Na miƙa. Ta fito da igiya daga ƙarƙashin kujerar direba, ta riƙe gefe na riƙe gefe, muka ɗaure su kar su faɗo a hanya. Ta koma ciki ta ja. Motar ta sha kwana, kujerun na ƙwanƙwasar juna a hankali.

A barandar sai tabon tsatsa a kan katako, inda ƙafafunsu suka zauna.