Katin Baba Rediyo

Na kankare bayan katin kiran waya da makullin shagona, sai na haɗa da lamba ɗaya. Lambobin goma sha biyu ne, ta bakwai ta tafi tare da fentin. Na ɗaga katin wajen taga, na karkata shi dama da hagu, na kasa gane ko uku ce ko takwas.

"Ka ɓata ko?" in ji Baba Rediyo daga kan gado, idonsa a rufe. "Kafinta, kati fa ba katako ba ne."

Na ce masa ban ɓata ba.

Shekara tara ke nan ƙofarsa tana kallon tamu a hawa na biyu. Gyaran rediyo ya yi har idanunsa suka gaza, sunan kuma ya bi shi. Matarsa ta rasu tun kafin mu tare a gidan. 'Ya ɗaya ta rage masa, wadda yake kira Auta, tana aikin jinya a ƙasar waje tare da mijinta da yara biyu. Ranar Talata aka sallamo shi daga asibiti. Likitan ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, a mai da shi gida, a kuma sanar da 'yan uwa. Baba ya hana. Ya ce shi ranar Asabar yake kiranta, ba zai kira a tsakiyar mako ya tayar mata da hankali tana bakin aiki ba.

A kan kiran waje babu wanda ke yi masa gardama a gidanmu. Lokacin da babban ɗana ya tafi ƙasar waje neman aiki bara, na kira shi kai tsaye, kuɗin wayar ya ƙare ban gama tambayarsa ko ya sami masauki ba. Na kwana uku ba na iya cin abinci sosai. Baba ne ya zaunar da ni a kan tsohon akwatin kayan aikinsa ya koya mini. Ya san layin da ke rage kuɗi a ƙarshen mako, ya san yadda za ka buga ka katse don a biyo ka da kira. Shi ya gano cewa a matakala ta huɗu daga sama, kusa da tankin ruwa, intanet yana kamawa har ka ga fuskar mutum. Can yake hawa da babbar wayar da Auta ta aiko masa, kafin ƙafafunsa su ƙi hawa. Cikin ɗakinsa kuwa intanet ba ya shiga ko kaɗan, shi ya sa ya koma wa kati da ƙaramar wayarsa mai madanni.

Ran Asabar ɗin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, mai ɗakina ta kira ni daga shago ta ce numfashin Baba ya canza. Na bar ƙofa rabi a goge na taho. Na same shi an jingina shi da matasai biyu, bakinsa a bushe, ƙirjinsa yana ɗagawa da kyar. Na ciro wayata na ce bari in kira Auta yanzu. Sai ya kama mini wuyan hannu. Ban san yana da sauran wannan ƙarfin ba.

"Kai tsaye?"

"Baba, yau dai a bar maganar tsada."

"Ba a ɗakina ba. Kana da yara huɗu a makaranta. Je ka sayo kati."

Na dubi mai ɗakina, ta dube ni. Na mai da wayar aljihu na fita. Har yau idan na tambayi kaina dalili, abin da nake samu shi ne, na ɗauka wanda yake da bakin yi mini faɗa a kan kuɗin waya yana da sauran lokaci.

Mai shagon bakin layi ya ce ya daina kawo irin katin, wa ke saye yanzu ban da Baba. Na wuce wurin mai gyaran waya, a rufe. Sai can bakin tasha na samu, a wurin wata mata da ta daɗe tana laluben ƙasan akwatinta kafin ta zaro shi, gefensa ya yi ja don daɗewa. Da na hawo bene na duba agogo, na yi fiye da rabin awa.

To ga ni tsaye a bakin taga da katin da na ɓata.

Matakan kiran a rubuce suke a wata takarda da ya liƙa a cikin murfin kwabarsa, da manyan baƙaƙe. Na buga lambar farko da ƙaramar wayarsa, muryar wata mata ta na'ura ta yi mini maraba, ta ce in saka lambobin sirri. Na saka da uku. Ta ce ba daidai ba ne, ta kuma gargaɗe ni cewa kuskure uku yana rufe kati. Mai ɗakina tana zaune a bakin gadon, tana ɗiga masa ruwa da ƙaramin cokali, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Ruwan yana gangarowa ta gefen bakinsa, tana sharewa da bakin mayafinta.

Baba ya ce wani abu ban ji ba. Ta sunkuya ta saurara, ta ce wai in riƙa danna lambobin a hankali, na'urar ba ta son gaggawa.

Na sake farawa daga farko, na saka da takwas. Matar ta ce ina da minti ashirin. Na shigar da lambar ƙasar, na shigar da ta Auta, ina bin takardar da yatsa. Na danna wurin da ke fito da murya fili, don kunnen Baba ya yi nauyi. Layin ya yi shiru na ɗan lokaci, ya yi ƙarar ruwa, sannan ya fara shiga.

A ƙara ta biyu mai ɗakina ta ajiye cokalin. Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, ta bar shi a can. Ta kai kunnenta bakinsa. Ta ɗago ta kalle ni, ta girgiza kai, leɓunanta suna motsi da salati.

A ƙara ta biyar Auta ta ɗauka.

"Babana na kaina. Yau ka makara, har na fara cewa ko ka sami wata 'yar ka manta da ni."

Na dubi Baba a kan gadon.

"Baba? Kana ji na?" Ta jira. Ana jin ƙarar kwanuka a bayanta, da muryar yaro. "Yau ma layinka na araha ya ƙi ko? Ba na jin ka ko kaɗan. To shi ke nan, mu yi yadda muka saba. Ni in yi ta magana, kai ka saurara, kada mintinka ya tafi a banza."

Layin lafiyarsa ƙalau. Ni ne na yi shiru. Na matsa na durƙusa a gefen gadon, na riƙe wayar kusa da kunnensa.

Ta ba shi labarin haƙorin ƙaramin ɗanta da ya fita, da yadda ya ƙi yarda a jefar. Ta ce an canza mata sashe a asibiti, yanzu tsofaffi take kula da su, akwai wani mai taurin kai irin nasa sak, ba ya shan magani sai an yi masa wayo. Ta ce ta sami man shafawar gwiwar nan, tana jiran mai zuwa ta aiko. Ta hana shi hawa wajen tanki. Ta ce idan wani abu ya dame shi ya ƙwanƙwasa wa Kawu Kafinta, kada ya ji nauyi, ai shi ma ɗa ne.

Mai ɗakina ta taɓa kafaɗata. "Ka faɗa mata," ta ce da raɗa. Na gyaɗa kai, ban faɗa ba. Hannuna ya yi tsami, na canza zuwa ɗayan. Ta miƙe ta gyara masa ƙafafu, ta ja zanen gado ta rufe su. Na tuna ɗana, na yi ƙoƙarin tuna ranar da muka yi magana ta ƙarshe, na kasa.

Muryar na'urar ta shigo ta ce saura minti ɗaya.

"Ga matar nan taka ta fara korata," in ji Auta, tana dariya. "To Baba, ka ci abinci, ka ji? Sai Asabar."

Layin ya yanke. Na ajiye wayar a kan matashin. Mai ɗakina ta saki labule, ta ce za ta sauka ta sanar da mutanen ƙasa.

Na cire takardar daga murfin kwabar na fito baranda. Wani ya shanya kayan makaranta a kan ƙarfen, suna ɗigar da ruwa. Na ciro wayata, na kwafi lambar Auta ita kaɗai, na danna. Nan take ta shiga. Ina jin ƙarar wayarta sarai, kamar a ɗakin da ke gabana take.