Injin da Mutum Ɗaya Ba Ya Ɗagawa

Kafinta ya san abin da ke damun motarsa. Ya fi shekara da sani, gum kawai ya yi da bakinsa.

A-kori-kura ce fara, tsohuwa amma lafiyayya. In ba kaya, cas take tsaye a kan ƙafafunta. Amma da zarar an ɗaura mata 'yar tirelar da ke ɗauke da kwale-kwalensa, sai ta durƙusa ta baya, hancinta ya ɗaga sama kamar akuyar da ta ƙi a ja ta. Yatsu biyu da ƙyar suke shiga tsakanin tayar baya da jikin motar. Sitiyari ya yi sakayau a hannu, kowane ɗan tudu kuma sai an ji gindinta ya daki ƙasa. Mai shagon da ke bakin layi ba ya gajiya da tsokana, kullum sai ya leƙo ya ce, "Kafinta, yau ma wa take gaisarwa?"

Inji ne sanadi. Duk ranar Asabar, kafin a kama hanyar tafki, sai an naɗe injin kwale-kwalen a tsohon bargo, a kwantar da shi a bayan mota, can dab da murfi. In an isa bakin ruwa a ɗauko shi a ɗaura wa kwale-kwale, in an gama kamun kifi a sake kwance shi. Kafinta cewa yake yi jijjigar hanya tana lalata inji, kuma da fari har zuciyarsa ya yarda da hakan. Daga baya ne ya lura da wani abu da ya fi wannan muhimmanci a wurinsa: injin nan mutum ɗaya ba ya ɗaga shi.

Shi ya sa duk Asabar da ƙarfe bakwai ɗansa Auta yake zuwa. Auta bakanike ne, yana da garejinsa, da mata da 'ya'ya uku, da wayar da ba ta san hutu ba. Yayyensa duk sun yi nisa. Shi da yake gari ɗaya da iyayensa, ba don injin nan ba, sai dai a gan shi ranar da wani ya kwanta ciwo. Ba rashin kirki ba ne, aiki ne ya yi masa katutu. Tafiyar minti arba'in zuwa, arba'in dawowa, uba na tuƙi ɗa na gefensa, wani lokaci su yi hira, wani lokaci Auta ya yi ta gyangyaɗi. Wannan ita ce duk dukiyar tsohon a mako, kuma tsoron rasa ta yake yi fiye da yadda zai iya faɗa.

To, sai abin ya fara yi wa Auta ciwo. Wani mai kawo masa gyara ya ce masa, cikin raha, wanda motar ubansa ke tafiya a durƙushe ai bai kamata ya yi wa mutane fankama ba. Auta ya ƙara wa sifirin na baya falle ɗaya. Ya sake shokozoba. Yatsu biyu suka koma uku, motar dai ta ci gaba da gaisuwarta.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga shi ya shigo gidan da tef na awo a aljihu, hannunsa duk baƙin mai.

"Mama, ara mini sikelin nan naki na banɗaki."

Uwar tana tsinke wa wata riga zare a inuwa. Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ma ka fara tsoron tumbin ne?"

"Tirela zan auna."

"To ka goge mini shi in ka gama. Kada ka dawo mini da shi yana warin gareji."

Kafinta ya bi shi da kallo. Ya san ɗansa: in ya ɗauko awo, ba ya ajiyewa sai ya kamo ɓarawon. Ya jawo benci ya zauna kamar wanda abin bai dama ba.

Auta ya auna bayan motar tana wayam, ya rubuta da alli a bango. Ya ɗaura tirela, ya sake aunawa. Sannan ya kwance ta, ya dasa guntun katako a kan sikeli, ya sauke wuyan tirelar a kai. Ya tsuguna ya karanta, ya yi tsaki.

"Kilo ɗari da biyar. Baba, wannan ai zalunci ne. Duka-duka tirelar da kwale-kwalen nawa suke? Kashi ɗaya cikin goma ya kamata ya hau kan mota, kamar sittin. Wannan kusan ninki ne."

"Tsufa ne," in ji Kafinta. "Mu ma haka muke lanƙwashewa."

"Kama mini mu ɗora injin yadda muke yi, in ga iyakarta."

Suka cicciɓo shi daga ɗakin ajiya, kowa na nishi, suka kwantar a inda ya saba kwanciya. Da aka mayar da tirela, motar ta ƙara zama ƙasa. Auta ya tsaya riƙe da ƙugu. Ya dubi injin da ke naɗe a bargo, can bayan tayoyin baya. Ya juya ya dubi ƙarshen kwale-kwalen, inda wurin injin yake fayau. Ya daɗe yana kallon wurin, Kafinta kuwa ya daɗe yana kallon ƙeyar ɗansa.

"Baba, ranar da mai walda ya ƙera tirelar nan, da inji a jikin kwale-kwalen ya auna ta, ko babu?"

Ƙarya ba ta cikin halin Kafinta. Shiru ya iya, amma wannan tambayar ba ta karɓar shiru.

"Da shi."

Auta ya tafa hannu ya fashe da dariya. "Wayyo ni! Na ƙara sifirin, na sake shokozoba, ashe mu ne muke danne ta da hannunmu! Mun cire nauyin da ke ɗaga wuyan tirela, sannan mun ɗauko shi mun ɗora wa mota a wutsiya. Sau biyu muke cutarta. Kama, Baba, kama!"

Suka ɗaura injin a mazauninsa. Sikeli ya sauka zuwa sittin da biyar. Da aka haɗa tirela da mota, sai ga a-kori-kura tsaye sambal, hannun Auta gaba ɗaya ya shige saman taya.

Uwar ta taso ta zo kallo. "To ku tura sauran tarkacen bayan kwale-kwalen mana, ta ƙara miƙewa."

"A'a, Mama. In wuyan ya yi sakayau da yawa, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan titi, wannan ya fi haɗari. Jarkar mai da akwatin ƙanƙara dai a sa su saitin tayoyinta. Shi ke nan."

Kafinta ya gwada sa'arsa ta ƙarshe. "Jijjigar hanya fa?"

"Katako za a tokare ƙafar injin da shi, ya zauna a kan ƙarfen tirela. Wa ya fi ka sanin katako a garin nan?"

"Ɓarayi fa?"

"Kwaɗo zan sa masa, mai kyau." Auta yana goge sikelin da gefen rigarsa, fuskarsa cike da murna irin ta wanda ya sauke nauyi. "Ka ga yanzu ka huta, Baba. Ba ɗagawa, ba saukewa. Duk lokacin da ka ga dama ka tada motarka ka tafi, ba sai ka zauna jirana ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kyauta yake ganin ya ba uban. Kafinta ya dubi motar da ta miƙe, ya ji ya tsane ta. Shekara saba'in da huɗu bai taɓa roƙon ɗansa komai ba, kuma bai san ta inda ake farawa ba.

"Na san injin ne," ya ce. "Tun bara na sani."

Auta ya daina goge sikelin. "Ka sani? Kana kallo na kwanta a ƙarƙashinta yini guda? To me ya sa ba ka..."

"Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi."

Uwar ta karɓi sikelinta daga hannun Auta, ta shige ɗaki.

Auta ya tsaya kamar an dasa shi. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ta katse, ta sake yi. Kafinta ya sunkuya yana naɗe bargon da ba shi da sauran amfani, yana jira ya ji abin da ya saba ji, wato ga ni nan zuwa.

Auta ya ɗaga wayar. Ya saurara kaɗan.

"Jibi? A'a, ranka ya daɗe, kawo ta Litinin. Asabar ba na buɗewa." Ya saurara kuma. "Ba tafiya zan yi ba. Ina wurin babana. A'a, ba wannan kaɗai ba, kowace Asabar."

Ya mayar da wayar aljihu, ya zo ya zauna a ɗaya gefen bencin. Ya ce, "Baba, wane irin katako za mu sa?"