Ajiyar Inna Zulaihatu

"Jawo ƙyauren nan ki zamna, Muhsina," in ji Inna Zulaihatu. "Magana za ni ba ki ajiya."

Dariya ta kusa ƙwace mini. Ajiyar magana, ni? Duk Unguwar Rogo an san bakina. Mijina Tukur ma in yana son labari ya kai Ƙofar Kware kafin la'asar, ni yake gaya wa, ya ce kada in faɗa wa kowa.

Tana kwance, ƙafafunta sun kumbura, ciwon ƙoda ya cinye ta. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya a asibitin wata kwaleji, katanga ɗaya ce kuma tsakanina da ita.

"Ɗiyan nan masu zuwa duk hutu, mi ka kawo su?"

"Koyon turaren wuta mana, Inna. Ai ni na hwaɗa ma kowa."

"Turaren kam suna yi, don hannu shi samu aiki. Amma duk wadda kika gani nan, fyaɗe anka yi mata a makaranta."

Ta ci gaba a hankali, tana hutawa. Wata malaminta ne, wata ɗan ajinsu, wata a hanyar ɗakin kwana aka tare ta. Kwana bakwai suke yi a gidanta. Su ci, su yi barci, su daka gajiji da hawi na haɗa turare, da hantsi su zauna a ɗakin baya, mai son magana ta yi, mai son kuka ta yi. Matar da nake gani duk Laraba da jaka, ina cewa mai sarin turare ce, ashe likita ce.

"To Inna, duk garin ga ki rasa wadda za ki hwaɗa ma sai ni?"

"In na mutu za su zo gaisuwa, ba mai hana su. Mata za su tambaya, kuma ke za a tambaya. In kin ce turare na, an yarda, tunda ba a taɓa jin kin ɓoye komi ba."

Kunya ta kama ni. Ban taɓa ganin mai hikimar matar nan ba: shekara tara tana rufe asirin 'ya'yan mutane da surutuna, ni ban sani ba.

Ranar Alhamis da hantsi Allah ya yi mata rasuwa.

Ran sadakar uku 'yan matan suka zo, su goma sha ɗaya. Kun san zaman makoki a wajenmu, baƙuwa ba ta gama "ya haƙuri" sai an ji ɗiyar wa ce, kuma me ya haɗa ta da mamaciya. Sauran sun daure. Khaula ce, wata siririya mai tabarau, ta ga ɗakin Inna ba kowa, ta durƙushe tana kuka har numfashinta yana sarƙewa.

Wata maƙwabciyarmu, matar Alhaji Audi, tana gefena. Ɗan ƙanenta, Hashim, shi ke neman auren Khaula, an ma kai kuɗin gaisuwa. Ta ƙura wa yarinyar ido, sannan ta juyo.

"Muhsina, wanga kuka ya wuce na turare. Ke da ba a yi ba ke, mi ak tsakaninsu?"

Kowa a tsakar gida ni yake kallo. Wallahi maganar ta zo har maƙoshina, na ji ɗuminta. Khaula ta ɗago, idonta cikin nawa, ta gane na sani.

"Hajiya, ke ma dai!" na ce. "Wagga da kika gani ita ta autar Inna wurin aiki. Ranar hwarko ta ƙone sukari tukunya guda, hayaƙi har ɗakina, na ɗauka gobara ta. Inna ko tsawa ba ta yi mata ba, ta ce ɗauko wani. Ke wa zai maki haka ki ƙi kuka nai?"

Na kama labarin tukunyar nan, na ja shi, na ƙara masa gishiri, na shiga tsadar itacen sandal, har matar Audi ta gaji ta ce, "To Allah shi jiƙan ta, ki bar mu haka nan."

"Amin," in ji mata.

Bayan la'asar mutane suka ragu. Na ɗauki butar shayi na nufi ɗakin baya, inda ban taɓa shiga ba. Suna zaune a kan tabarma sun yi da'ira. Na ajiye butar zan juya, sai Khaula ta matsa gefe, ta kusa da ita ma ta matsa, wuri ya buɗe daidai zaman mutum ɗaya.

Na cire takalmina a bakin ƙofa.