Kawu Rosendo da Jirgin Asabar

Delsi ko ɗankwali ba ta tsaya ɗaurawa ba. Ta saɓi 'yarta Keila a kafaɗa, ta tsallake kwatar da ke tsakanin gidajen biyu, ta haye matakalar gidan maƙwabcinsu Kawu Rosendo bibbiyu, tun daga ƙasa tana kiran matarsa, Inna Melinda. Yarinya fa ta yi tafiya. Taku huɗu cif, daga buhun shinkafa har bakin ƙofa, ba wanda ya riƙe ta, kuma watanta goma ne kacal da kwana shida. Delsi ta riga ta ƙwala wa masu wanki a bakin tafki labarin ta taga, ta gaya wa mai tallan burodin kwakwa, saura kaɗan ta gaya wa kaji.

Warin ɗakin ne ya tsayar da ita a bakin ƙofa. Shekara biyu ke nan Kawu Rosendo yana kwance, tun ranar da aka sauko da shi daga jirgin kamun langosta, manyan jatan landen nan na ƙasan teku, ƙafafunsa suna reto kamar na 'yar tsana. Kowa ya saba da warin ɗakinsa, amma na yau daban ne. Gyambon bayansa ya ci ciki, zazzaɓi kwana uku bai sauka ba, Inna Melinda na zaune tana kore masa ƙuda da murfin tukunya.

Duk da haka da ya ji labarin sai ya yi dariya, ya ce a sauke yarinyar ya gani. Aka sauke ta. Keila ta dubi mutane, ta zauna daɓas, ta ƙi ko motsi. Delsi ta yi lallashi, ta yi tafi, ta rantse yanzun nan ta yi taku huɗu.

"Ƙyale ta," in ji shi. "Ta ga tsohon da ya yi ritaya daga tafiya, tana jin kunyar yi masa gori."

Sai ya daina dariya, ya tambaye ta ina mijinta Orlin. Ta ce yana gona. Ya ce shi dai jiya ya ji ƙahon jirgi daga bayan yashin bakin teku, kuma an ce Asabar zai tashi da 'yan nutso.

"Yaushe rabonki da duba bangon coci, 'yata?"

A ƙauyen, duk mai nutson da ya yi wa Allah alkawarin barin teku, ranar Lahadi yake miƙewa gaban jama'a ya miƙa wa Fasto ƙugiyarsa, wannan dogon ƙarfen da ake zaƙulo langosta da shi daga ramin dutse. Sai a rataye ta a ƙusa bayan bagadi. Orlin ya miƙa tasa ne bayan haihuwar Keila, don sai da Delsi ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta fito ta ce a fara addu'a. A nan ne ya ce in Allah ya bar masa su biyun, shi da ƙasan teku har abada. Allah ya bar masa su.

Delsi ta goya Keila ta nufi coci. Ƙofa a buɗe take, ba kowa sai wata kaza a kan benci. Ta zagaya bayan bagadi. Ƙugiya bakwai ta sani a bangon nan, ta Orlin ce ta ƙarshe, mai jan ƙyalle a mariƙi. Ƙusar tana nan, ƙugiyar babu. Inda ƙarfen ya daɗe a jingine har ya bar zanen tsatsa a jikin farin fenti.

Da rana Orlin ya dawo, ta zuba masa kunun ayaba da madarar kwakwa, ta bari ya sha rabi kafin ta yi magana. Bai musa ba. Ya ce ruwan da ya yi ambaliya ya tafi da shinkafarsu, rogon duk ya ruɓe a ƙasa, ita ma ta gani da idonta. Ya ce buhun nan da Keila ta dafa ta miƙe shi ne na ƙarshe, kuma bai kai rabi ba. Tafiya ɗaya ce, kwana goma sha biyu, ba zai yi zurfi ba, ba zai wuce tukunya shida ta iskar shaƙa a ƙasan ruwa a rana ba.

"Kawu Rosendo ma tafiya ɗaya ya ce," in ji ta.

"To ki dafa mana alkawarin mu ci."

Ta ce Keila ta yi tafiya yau. A lokacin ne ma ta tuna ba ta gaya masa ba, shi da ya kamata ya fara ji. Ya ɗauki yarinyar ya ɗaga ta sama, ya sumbaci tafin ƙafarta, amma bai dubi uwar ba.

Ranar Alhamis Fasto ya zo gidan Kawu Rosendo da Jibin Ubangiji a cikin ɗan kwando, mata suka sa fararen kaya suka cika baranda. Kafin a fara, hira ta ɓalle kamar kullum. Wata ta ce haka Allah ya rubuta masa. Inna Melinda ta ce ita har gobe ba wanda zai raba ta da cewa matar ruwa, aljanar nan ta ƙasan teku, ita ce ta taɓa shi, don ya kwashe mata dabbobi da yawa. Kawu Rosendo ya buga hannu a katakon gado har kofi ya faɗi.

"Kada ku ɗora wa Allah, kada ku ɗora wa matar ruwa. Da ƙafata na shiga coci ranar Talata da ba kowa, da hannuna na sauke ƙugiyata."

Fasto mutum ne mai sanyin magana, bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce wahala iri biyu ce. Akwai wadda take samun mutum yana kan hanyar Allah, wannan sai haƙuri. Akwai kuma wadda mutum yake zuwa ya saro da gatarinsa ya ɗoro a kansa, bayan an ce masa kada. Ya ce ko wannan ta biyun Yesu yana gafartawa, kuma ya gafarta wa ɗan'uwa Rosendo tun ranar da ya roƙa. Sai dai gafara ba ta mayar da ƙafa. Kawu Rosendo ya ce amin da ƙarfi, ya karɓi gurasa, ya kurɓi ruwan inabin, rabi ya zubo ta gefen bakinsa.

Da mata suka watse ya ce a kira masa Orlin. Delsi ta tsaya a bayan labule da Keila a baya, tana jiran ta ji tsohon ya yi masa faɗa. Shi ne fa ya koya wa Orlin nutso, shi ya fara ɗaura masa tukunyar iska a baya. In akwai wanda Orlin zai ji maganarsa a duniya, shi ne.

Bai yi faɗa ba. Labari ya ba shi, wanda Orlin ya sha ji. Yadda a rana ta tara langosta suka ƙare a sama, aka koma zurfi. Yadda ba su da agogo ba su da ma'auni, sai numfashi ya fara tauri mutum ya san iska ta ƙare, ya harbo sama da gudu. Yadda ya fito a nutso na goma sha ɗaya ya ji kamar an soka masa allura a ƙugu, abokai suka ce ya koma ƙasa ciwon zai sake shi, haka kowa ke yi. Ya koma. Ya fito ba ya jin yatsunsa. Kwana uku kafin jirgi ya juya da shi gari.

"Na sani, Kawu," in ji Orlin.

"Na san ka sani. Ni ma na sani a lokacin. Ba shi na kira ka ba. Kai nake so ka yi mini akwati."

Orlin ya san al'adar ƙauyen. Wanda mai mutuwa ya ambata da bakinsa, shi ke haɗa akwatin, shi ke buga ƙusar ƙarshe, ba ya barin gari sai an mayar da ƙasa. Ba a taɓa jin wanda ya ƙi ba.

"Haba Kawu, ai ba yanzu ba. Sai ka ga auren Keila."

"Ni ma ban ce yanzu ba. Ka dai ce to. Aikin ɗan'uwan Melinda ban yarda da shi ba, teburin da ya yi mana har yau rawa yake."

Orlin ya yi 'yar dariya, ya ce to.

Ranar Juma'a zazzaɓin ya sauka. Kawu Rosendo ya sha romon kifi rabin kwano, ya nemi a buɗe masa rediyo, har ya tsokani mai tallan burodi. Inna Melinda ta leƙo ta taga tana murna, tana cewa addu'a ta karɓu. Delsi ta ce an gode Allah, ta kwashi wanki ta nufi tafki. Tana wanke tsummokin Keila ne ta gane abin da take jira tun jiya, ta saki sabulun a ruwa. Mutumin da ya ba ta kifi lokacin da take da ciki, wanda ya sa wa 'yarta albarka, shi take ƙirga wa kwana. Ta durƙusa a bakin tafkin ta ce Ubangiji ya yafe mata, ya ba Kawu Rosendo tsawon rai. Ta ce kuma ya hana Orlin tafiya. Ta rasa yadda za a yi biyun su yiwu, ta bar masa.

Da yamma Orlin ya jawo buhunsa daga ƙarƙashin gida, ya zuba wando biyu, bargo, da tabaran nutso. Delsi ta hura wuta. Ta toya masa burodi, don ko fushi kake da mutum ba ka barinsa ya hau teku da yunwa.

Asabar gari ya waye tas. Tun da hantsi kwale-kwale suka fara jigilar maza zuwa jirgi, mata na tsaye a yashi da yara. Orlin ya hau gidan Kawu Rosendo yin sallama, Inna Melinda ta ce barci yake, kada a tashe shi. Ya sauko, ya shafa kan Keila, ya ce wa Delsi kwana goma sha biyu kamar gobe ne. Ta kasa raka shi. Ta tsaya a baranda tana kallon bayansa, buhu a kafaɗa, yana bin hanyar da ta ratsa cikin itatuwan kwakwa, yana ƙanƙancewa.

Ba ta san minti nawa ta yi a tsaye ba. Ta dai ji an buɗe ƙofar maƙwabta a hankali. Inna Melinda ta fito da kofin shayi a hannu, cike, ta ajiye shi a kan katakon baranda, ta zauna a matakala ta farko.

"Delsi, na je ba shi shayi," in ji ta. "Je ki gaya wa Fasto."

Delsi ta yi gudu da yarinya a baya. Fasto da kansa ya kama igiyar ƙararrawa, ya buga ta ɗaya-ɗaya, da tazara, yadda ake yi wa mamaci. Ita kuwa ta fito ƙofar coci tana leƙen bakin teku, tana kuka, ita kanta ba ta san kukan wa take yi ba. Daga nan ba a gane fuska. Ta ga kwale-kwale ɗaya ya cika ya tashi. Ta ga na biyu ana tura shi ruwa. Wani mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, buhu a kafaɗa, na cikin kwale-kwalen suna yi masa hannu. Ya daɗe a haka. Ƙararrawa ta sake bugawa. Sai mutumin ya juyo.

Da ya iso ta ga Orlin ne. Ya jefa buhun ƙarƙashin gida, ya ɗauko zarto da guduma, ya hau wurin gawa ya cire hula. Ya auna tsohon da igiya, daga kai zuwa ƙafafun da suka bushe kamar sanda. Sai aka duba, babu katako a ƙauyen, ambaliya ta tafi da na mai shago. Inna Melinda ta ce a ɓalle na bangon ɗakin, na gefen teku, ai shi ya kafa su da hannunsa, katakon kirki ne.

Orlin ya ɓalle guda shida. Haske ya shigo ɗakin da ya shekara biyu a rufe, iska ta fara kwashe warin. Mata suka shigo da fararen zannuwa suna waƙa ƙasa-ƙasa. Delsi ta zauna a ƙasa kusa da gadon tana ba Keila nono. Ta san bayan kwana goma sha biyu jirgin zai dawo, ya sake neman maza, kuma buhun shinkafa bai ƙaru ba.

Ƙahon jirgi ya yi kuka sau biyu. Ta inda aka cire katakon tana hango jirgin, fari, yana juya hanci zuwa tsakiyar teku. A ƙasa, cikin inuwar gida, Orlin ya tsaya da ƙusa uku a baki, guduma a hannu. Bai ɗaga kai ba. Ya gyara zaman katakon da gwiwarsa, ya ci gaba da bugawa.