Gidan Zanzaro a Idon Kyamara

Ba don manyan ɓarayi Muhtari mai kanti ya sayi kyamara ba. Shagonsa na kusa da tashar Shinkafi a Kaura Namoda, kuma ɓacewar sabulu ce ta ishe shi, yau gwangwanin madara, gobe batirin tocila. Ƙanin matarsa, Malam Abdulhadi, shi ya kawo masa mai haɗawa daga Gusau. Aka kafa ta saman ƙofa, aka ja waya zuwa wani akwati ƙarƙashin kanta, aka ɗora mata sola. Sata ta tsaya cik.

Da damina ta kankama batiri ya mutu, ɓera kuma ya cinye wayar. Muhtari ya ga ɓarawo ba zai hau sama ya duba ba, don haka ya bar ta nan ba gyara. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ko ƙuda ya gitta tana ɗauka, har daga Gusau ana kallo. Wannan cika bakin shi ya kusa kai shi kabari.

Akwai wani mai babur, Hayatu, da ke zuwa ya sayi sukari da ganyen shayi da taba kwali-kwali, ya ɗaure ya kama hanyar Zurmi. Kowa ya san masu shan shayin nan a daji suke da bindigoginsu, amma ba mai faɗa. Muhtari ma sayarwa yake, don hanawa ta fi sayarwar haɗari. Wata rana bayan damina ta wuce Hayatu ya yi sayayya ya tafi, jami'an tsaro suka kama shi wajen Dauran. Kafin Juma'a magana ta zaga gari, wai kyamarar Muhtari ce ta ba da shi.

Masu zaman hira a bencinsa suka ɗauke ƙafa. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya ja teburinsa tsallaken titi, ya ce wai inuwa ta fi can. Muhtari ya daina cin abinci, da ya ji ƙarar babur sai ya leƙa ƙofa. Matarsa Kulu ta roƙe shi ya cire abin nan ya jefa masai, ya ce in ya cire yanzu ai ya amsa laifi ke nan.

Bayan Azahar wata Litinin wani dogon mutum ya tsayar da babur, ya shigo da rawani ya rufe masa rabin fuska. Ya yi sallama, ya tambayi iyali da kasuwa, ya zauna kan buhun shinkafa ba a ba shi wuri ba. Bai sayi komai ba. Ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofa.

"Alhaji, wanga ido naka, wa shika ba labari?"

Muhtari ya ɗaga hannu sama. Ya rantse da Allah abin ya mutu tun damina, ƙarya ce yake yi wa masu satar sabulu. Mutumin ya yi murmushi, ya ce shi dai ya ji har Gusau ake kallo, kuma daga bakin Alhaji aka ji. Ya ƙara da cewa ya san makarantar da ɗiyarsa Saudat take zuwa, makaranta ce mai kyau.

Muhtari ya jawo akwatin ya nuna masa wayar da ɓera ya ci. Mutumin ya ce waya ko jiya ana iya yanke ta da haƙori.

"Sauko da shi in gani."

Muhtari ya hau benci, noti ya ƙi kwancewa, sai da ya ɓalle kyamarar da ƙarfi. Da ya miƙa, shi kansa sai lokacin ya gani: zanzaro ya yi gini ƙarƙashin 'yar rumfar kyamarar, laka ta rufe gilashin kusan duka. Wata da watanni bai hau ya goge ba.

Baƙon ya juya ta a hannu, ya sa babban yatsa ya fasa ginin. Laka ta zube gari. Ya duba ramukan, duk a buɗe, 'ya'yan sun daɗe da tashi, sai busassun gizo-gizo. Ya shinshina, ya ci gaba da juya ta har Muhtari ya fara kalmar shahada a zuci.

"Ginin damina ne," in ji shi. "Mai da shi inda kac ciro shi, Alhaji. Kak ka gyara. In na biyo ina son in ishe shi hakanan."

Ya karkaɗe hannunsa, ya hau babur ya tafi. Muhtari ya zauna daɓas a ƙasa, a nan La'asar ta same shi.

Ya mayar da ita ya ɗaure da tsumma, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Da Malam Abdulhadi ya ji ta lalace ya ce zai turo mai gyara, Muhtari ya riƙe hannunsa ya ce in yana ƙaunar 'yar'uwarsa da Saudat, kada ya sake ya kira kowa. Yanzu kowace safiya kafin ya share ƙofa yakan leƙa ƙarƙashin kanta ya tabbata ba wanda ya yi masa gwaninta ya haɗa wayar.

Sati na zagayowa sabulu uku suka ɓace daga kanta. Ya faɗa wa Kulu yana hamdala, don ya san gari duka ya ji idon ba ya gani. Ranar ya ci tuwo. Amma har yau in babur ya tsaya ƙofar shago, sama yake fara duba kafin ya amsa sallama.