Shahon Baba Mai Rediyo

"Rufe kwalin da zane, kada iska ta dame shi," in ji Baba Mai Rediyo daga kan katifarsa. Sai da na matsa kusa na ji abin da ya ce.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Wata huɗu da suka wuce aka sare babbar bishiyar bakin layinmu, ya tsinci ɗan shaho a cikin rassan, uwar ba ta dawo ba. A shagonsa ya raine shi, tsakanin matattun rediyoyi, yana ba shi 'yan guntayen hanta da hantsakin aikinsa. Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, shahon kuma ya girma, masu kaji a layin sun fara magana.

"Yaya, ni dai na faɗa," in ji ƙanwarsa da ta zo jinya. "Ranar da ka rufe ido, da tabarya za su shigo masa."

"Ke ma ai kina cikinsu."

"Ni ce gaba. Ya yayyaga min labule."

Baba ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Ya juyo gare ni. "'Yar boko, ki kai shi inda za su koya masa daji su sake shi. Ina so in ji ya tashi."

Kwana uku na yi ina neman wurin. Ni ba gwanar magana ba ce, sai na rubuta abin da zan faɗa a takarda kafin in buga waya. Likitan dabbobi ya ce, "Mu kaji muke dubawa, ƙanwata, ke kuma kin zo mana da maƙiyinsu." Wayar ofishin gandun daji ta yi ta ƙara, babu mai ɗauka. A ƙarshe wani tsohon malaminmu na jami'a ya ba ni lambar wata mata a bayan gari, mai karɓar namun dajin da suka ji rauni.

Anti kowa ke ce mata. Na same ta da takalmin roba tana wanke keji. Tana buɗe kwalin shahon ya yi tsalle ya sauka a hannunta, ya wangale baki yana kuka. Na yi murmushi. Ita ba ta yi ba.

"Da hannu aka ciyar da shi? Yana kallon fuskar mai ba shi?"

"Har hira yake masa."

Ta kai ni wani ɗaki mai duhu-duhu, ta nuna min yadda suke ciyar da 'yan tsuntsaye: ta bayan labule, hannu cikin safa, babu mai cewa uffan.

"Wannan ya riga ya ɗauka mutane ne danginsa. In na sake shi, kafaɗar wani zai je ya sauka yana roƙo, a kashe shi. Zan riƙe shi, ba zai ji yunwa ba. Amma ba zai fita ba."

Da la'asar na dawo. Ƙanwar tana goge wa Baba goshi da jiƙaƙƙen tsumma.

"Yaushe za su sake shi?"

"Sun ce sai ya ƙara ƙarfi, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina.

"Ba ki iya ba, 'yar nan. Faɗa min."

Na faɗa masa duka, har labulen da safar. Ƙanwar ta harare ni. Shi kuwa ya mayar da idonsa kan silin.

"Ashe ni na ɓata shi."

"Da ba don kai ba, Yaya, da tururuwa ta cinye shi," in ji ta.

Ya rasu bayan kwana biyu, da hantsi, ana shanya a tsakar gida.

Da mako ya zagayo na koma wurin Anti don in sanar da ita. Akwai wasu shaho biyu a babban kejin da ta sa shi, sun gudu can ƙurya da suka ji takuna. Na Baba yana kan sandar da ta fi kusa da ƙofa, ƙirjinsa a jikin wayar kejin, yana bin kowane mai wucewa da ido.