Bajimi a Kan Siminti

A shekarar da aka buga gasar kofin Afirka a Surulere, akwai wani gidan haya a Agege ta Legas, bayan rumfunan goro, ba nisa da layin dogo. Ɗakunansa suna kallon juna, kowane ɗaki da iyalinsa. A nan Abba yake zaune da iyayensa da ƙanwarsa Bushra. Mahaifinsa yana ɗaurin huhun goro a rumfa, mahaifiyarsa Furera tana tuyar waina a ƙofar gida. Ɗakin da ke kallon nasu na su Nanpon ne, mutanen Langtang, babansa yana aiki a wata masana'anta a Ilupeju. Babba a cikin yaran gidan shi ne Sunusi, ɗan aji shida.

Yaran nan ba su da filin wasa, ba su da ƙwallon fata. Talabijin ɗaya ce a gidan duka, ita ma sai ranar da aka kawo wuta. Abin da suke da shi baranda ce ta siminti a gaban gida, wadda tsufa da sawun mutane suka mayar da ita sumul, sai kuma murafan kwalba.

Da murafan suke ƙwallo. Kowane yaro yana da ƙungiyarsa, kowane murfi ɗan wasa ne mai suna. Ana yanka kwalin sukari a yi raga, a dunƙule takardar azurfa ta cikin kwalin sigari a yi ƙwallo, sai a riƙa ɗalla murfi da yatsa ya je ya buge ta. Ranar Lahadi da safe suke neman sababbin 'yan wasa, a titin da Yarbawa suka tare suka yi biki ranar Asabar. Idan Abba ya dawo da aljihu cike, Furera takan sa shi ya juye a faranti, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. Duk wanda ta ji warin giya sai ta jefa shi kwata, ko da shi ne ya fi kowa kyau.

Wasan nasu yana da tsari, lig suke kiransa, ƙungiya shida ce a ciki. Tun da sojoji suka koma bariki manya ba su da hira sai ta zaɓe, don haka yaran ma suka yi nasu. Sunusi ya tsaya takarar ciyaman, ya kuma sanar cewa wanda bai ɗaga masa hannu ba ba zai yi wasa ba. Ya ci zaɓe babu hamayya. A dokarsa, ƙungiyar da ta zo ƙarshe takan fita daga lig, mai ita ya ɗauki tsintsiya ya riƙa share baranda kafin kowane wasa, wanda ke jiran layi ya shiga gurbinsa. Wanda ba ya cikin lig kuwa ba ya ɗora murfinsa a kan barandar ko da wasa. Musayar 'yan wasa, wadda suke kira taransifa, rana ɗaya ake yin ta a tsakiyar lig. Masu musaya su sarƙe ƙananan yatsunsu, ciyaman ya raba da gefen hannunsa. Da zarar ya raba, magana ta ƙare.

A wannan zagayen ƙungiyar Abba ce a ƙasa. Yana da ɗan gaba mai kyau, wani tsohon murfi mara nauyi da ake kira Kwandasta saboda yadda yake maƙalewa a gefen layi ba ya fita, kamar yaron mota a ƙofar bas. Yana da gola, faffaɗan murfin robar man shafawa mai suna Maigadi. Sauran duk tarkace ne. Kullum suka haɗu da Nanpon a bakin famfo sai ya ce masa, "Abba, na ga tsintsiya ɗazu, ta ce in gaishe ka."

Mai jiran layi shi ne Almu. Bayan girbi ya zo Legas tare da mahaifinsa daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Uban yana tura kurar ruwa, suna kwana a shagon wani ɗan garinsu. Almu bai iya Yarbanci ba, idan kwandastan danfo, motar hayar Legas, ya yi masa magana sai ya tsaya yana kallon bakinsa. Amma ya san ƙwallon murfi. Da la'asar yakan tsaya a gefen baranda ya kalli wasa har a tashi, sannan ya koma wani ɗan wuri mai yashi kusa da layin dogo ya yi nasa shi kaɗai.

A can Abba ya fara ganin Bajimi. An aike shi sayen kananzir, sai ya hango Almu a durƙushe. Ya ɗalla wani baƙin murfi, shi ne Bajimi, murfin ya keta yashi bai kauce ba, ya ture 'yan baya biyu, ya kai ƙwallo cikin raga. Ya sake, haka aka kuma yi. Abba ya ajiye kwalbar kananzir ya roƙi a ba shi ya taɓa. Nauyinsa ya ba shi mamaki. Almu ya juya masa cikinsa ya nuna masa: an cika shi da ƙaro an haɗa da yashi, ya daskare kamar dutse. Ya ce kakansa ne ya ɗebo masa ƙaron daga jikin dakwarar da ke bakin gonarsu, shi kuma ya narka a murfin gwangwani ya zuba. Ya ce a ƙauyensu babu murfin da ya taɓa tsayawa a gaban Bajimi.

Daga ranar Abba ba shi da tunani sai na taransifa. Ya shimfiɗa murafansa a kan tabarma, ya jera, ya rushe, ya sake jerawa, ya bar gurbi a gaba inda Bajimi zai tsaya. A aji ana lissafi shi yana can yana auna wa zai bayar, wa zai riƙe. Da farko ya yi wa Almu tayin 'yan baya biyu. Almu ya girgiza kai. Ya ƙara da wani sabon murfin lemo mai sheƙi, Almu ya ce ba ya so. Ya ce shi Bajimi ba na bayarwa ba ne. Abba bai haƙura ba, yana bin sa har wajen famfon da mahaifin Almu ke cika jarka.

Abin da ya karya Almu ba yawan murafa ba ne. Abba ne ya ce masa in Bajimi ya shigo ƙungiyarsa, kowa a gidan zai gan shi a kan baranda tun ranar Litinin, ba sai an jira ƙarshen lig ba. Almu ya daɗe yana son yaran gidan su ga abin da murfinsa zai iya. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma a ba shi Kwandasta da Maigadi, don duk ranar da layi ya zo kansa ba shi da gola.

Da Abba ya faɗa wa Bushra, tana tsintar shinkafa, ta ɗago ta dube shi.

"Yaya, to wa zai tsare maka gida?"

Ya ce mata wanda yake cin ƙwallaye da yawa ba ya buƙatar babban gola, kuma ya riga ya samo murfin kwalbar maganin tari. Ta ce murfin ai bai kai rabin Maigadi ba. Ya ce mata ba ta san ƙwallo ba.

Ranar Lahadi aka taru. Sunusi ya hau kan benci, ya tambayi kowannensu ko da wanda ya tilasta shi. Suka ce babu. Suka sarƙe yatsu, ya raba. Almu ya miƙa Bajimi da hannu biyu.

Wasan farko da Nanpon ne. Yara har daga gidan maƙwabta suka zo, don labarin baƙin murfin ya zaga layin. Abba ya durƙusa, ya saita, ya ɗalla da irin ƙarfin da ya ga Almu yana sawa. Bajimi ya wuce ƙwallo, ya wuce 'yan bayan Nanpon, ya wuce raga, ya sauka daga baranda ya faɗa kwata. Aka yi ta dariya. Nanpon ya miƙe ya sara wa murfin irin na soja, ya ce, "Oga ya tafi Iyana Ipaja, bai ko tsaya ɗaukar fasinja ba."

Abba ya tsamo shi ya wanke. Ya rage ƙarfi, sai murfin ya ƙi motsi yadda ake so. Ya ƙara kaɗan, ya sake zamewa. A kan yashi nauyin ne ke sa shi ya kama ƙasa. A kan siminti mai santsi babu abin da zai kama, in ya tashi ba ya tsayawa. Shi kuwa sabon golan, ƙwallo ta gefensa take wucewa. Nanpon ya ci shi da yawa.

Abba ya tashi ya nufi Almu, idonsa ya yi ja. Ya ce ya cuce shi, ya san murfin ba ya aiki ya ba shi don ya fita daga lig shi ya shiga gurbinsa. Maganar ta yi kama da gaskiya, har wasu yara suka fara gyaɗa kai. Almu ya dubi Abba, ya dubi barandar.

"Wallahi ban taɓa ɗora shi bisa siminti ba," in ji shi. "Ku kun hana ni. Garinmu kuma ba siminti sai a masallacin Juma'a, can ko ba a wasa."

Abba ya juya wajen Sunusi ya roƙi a warware musayar. Sunusi ya ce yanzu mulkin doka ake yi, ko shi ciyaman ba zai iya mayar da abin da aka raba ba.

Wasanni suka ci gaba, Abba bai bar ƙasan lig ba. Har aka zo na ƙarshe, shi da Sunusi. Idan ya yi kunnen doki zai tsira, idan aka ci shi tsintsiya ce.

Da azahar ɗin ranar Bushra ta kawo masa ƙusa. Ta ce abin ai mai sauƙi ne, ya ƙwaƙule ƙaron, murfin ya yi sakayau kamar sauran, ya sami ɗan gaba. Abba ya ga hankali a maganar. Murfin nasa ne yanzu, babu dokar da ta hana. Ya zauna a bakin ƙofa ya kifa Bajimi a tafin hannunsa, ya sa bakin ƙusa a gefen ƙaron. Sai ya ga ƙafafun Almu a gabansa. Ya kawo wa Furera ruwa ne, jarkar tana hannunsa.

"Naka ne," in ji Almu. "Amma in ka cire, ba shi ba ne kuma."

Ya shige da jarkar. Abba ya duba ƙaron. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyin jan yashi, irin wanda babu shi a Agege. Ya riƙe ƙusar na ɗan lokaci, sannan ya miƙa wa Bushra ya ce ta mayar inda ta ɗauko. Ta ce to shi ya sani.

Da la'asar ya jera 'yan wasansa, ya sa Bajimi a baya, dab da gola. Can ya yi amfani. Duk murfin Sunusi da ya zo da gudu sai ya bugi Bajimi ya koma, shi kuwa ko gezau. Yara suka daina dariya suka matso. Amma Abba ba shi da mai kai ƙwallo gaba, wasan duk a gidansa ake yi. Ana gab da kiran magariba, wanda shi ne usur ɗin tashi, Sunusi ya bugo ta gefe, ƙwallo ta wuce ɗan ƙaramin golan ta shiga kwalin sukari. Ladan ya yi kira, aka kwashe murafa.

Washegari Abba ya ɗauki tsintsiya tun kafin a ce masa. Nanpon ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarsa, sai ya je ya ɗage masa benci don ya share ƙarƙashinsa. Almu ya zo da Kwandasta a hannu ya ce Abba ya karɓi abinsa. Sunusi ya ce sai ranar taransifa ta gaba.

A wasansa na farko Almu ya ɗalla Kwandasta da yatsan da ya saba da yashi, murfin ya tashi sama ya faɗa cikin kaskon wainar Furera. Ta tsamo shi da cokali tana faɗa, ta ce wata rana wani zai sayi waina ya karya haƙori. Abba ya jingine tsintsiya ya durƙusa kusa da Almu. Ya nuna masa yadda ake taɓa murfi a kan siminti, da gefen farce, a hankali, kamar ana ture ƙuda daga bakin kofi. Almu ya gwada, ya kuskure, ya sake gwadawa.

Bayan an tashi suka tafi wajen layin dogo su biyu. Jirgin kaya ya wuce, suka jira ƙararsa ta lafa. Almu ya share yashi da tafin hannu ya kafa raga da tsinke biyu. Abba ya ciro Bajimi daga aljihu ya ajiye, ya ɗalla da duk ƙarfinsa. Murfin ya tafi sak, ya tsaya daidai inda ake so.

A nan Abba ya gane cewa Almu bai cuce shi ba, Bajimi ma bai lalace ba. Shi ne ya ɗauko ɗan wasa bai tambayi a kan wace ƙasa ya saba wasa ba.